Awo ko Ƙirge? Jagoran Amfani da Kalmomin Adadi a Turanci

Duk malamin da ya saba duba takardun Turanci na ɗalibanmu ya san inda jan biro ya fi sauka. Ƙananan kalmomi ne suka fi shan sa: *much*, *many*, *few*, *little*, *some*, *any*, *each*, *every* da 'yan uwansu. Aikinsu shi ne su zo kafin suna su faɗi yawansa ko ƙarancinsa, irin aikin da ma'auni ke yi a nahawun Hausa. Da wuya a yi jarrabawar Turanci ta WAEC, NECO ko JAMB ba su fito a tambayoyin zaɓi ba, kuma bayan an gama makaranta suna nan suna jiran mutum a wasiƙar neman aiki da rahoton ofis.

Wahalar da Bahaushe ke sha da su tana da tushe. A Hausa muna cewa mutane da yawa, ruwa da yawa, mutane kaɗan, ruwa kaɗan, ba ruwanmu da irin sunan da muke aunawa. Shi kuwa Turanci sai ya san irin sunan kafin ya ba shi ma'auni. Saboda haka haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba ya fitar da ɗalibi. Abin da ke fitar da shi shi ne ya saba duba abu biyu kafin ya rubuta: irin sunan da ke biye, da kuma inda jimlar ta karkata, wato tabbatarwa take yi, korewa, ko tambaya.

Fara da tantance sunan

A kasuwa, mai ƙwai ƙirga maka zai yi, mai gero kuwa mudu zai ɗauko. Haka Turanci ya kasa sunayensa gida biyu. Sunayen ƙirge suna da tilo da jam'i, suna karɓar lamba da *a* ko *an*: *a book*, *three books*, *an egg*, *ten eggs*. Sunayen awo ba su da jam'i, ba sa karɓar *a* ko *an*, kuma ba a ɗora musu lamba kai tsaye: *water*, *rice*, *salt*, *petrol*, *patience*. Aikatau da ke bin su kullum na tilo ne.

A nan ne gizo ke saƙa, domin Turanci ne ke yanke hukuncin gidan da suna zai shiga, ko da ido ya ga akasin haka. Kowa na ƙirga kuɗi, amma *money* sunan awo ne. Nairori ake ƙirgawa. Muna da shawarwari, bayanai, labarai, hujjoji da ayyuka a jam'i, shi ya sa hannu ke saurin rubuta *advices*, *informations* da *equipments*, alhali daidaitaccen Turanci bai yarda da su ba. Ga waɗanda suka fi kayar da ɗalibai: *advice*, *information*, *news*, *furniture*, *luggage*, *equipment*, *evidence*, *knowledge*, *homework*, *bread*, *traffic*, *progress*. Shi *news* ma harafin *s* da ke ƙarshensa ruɗi ne kawai, tilo ne: *The news is good*.

In kana so ka ƙirga irin waɗannan, sai ka nemo musu mazubi: *a piece of advice*, *two loaves of bread*, *three items of furniture*, *five bags of rice*. Mazubin ne ke ɗaukar jam'i, sunan ya zauna yadda yake.

Akwai kuma sunaye masu gida biyu, ma'anarsu na sauyawa da sauyin gida. *Time* lokaci ne idan na awo ne, amma *times* sau nawa ne. *Room* wuri ne ko sarari, *rooms* ɗakuna. *Chicken* naman kaza ne a faranti, *chickens* kajin da ke yawo a tsakar gida. Idan ka yi shakka, buɗe ƙamus irin *Oxford Advanced Learner's Dictionary* ko na Longman: harafin C a gefen suna alamar ƙirge ce, harafin U alamar awo.

Much, many da a lot of

*Many* na jam'in sunan ƙirge ne, *much* na sunan awo: *many students*, *much noise*. Haka tambaya: *How many bags?* amma *How much rice?* Wanda ya ce *too much people* ya auna mutane da mudu. Daidai shi ne *too many people*.

Abin da littattafai da yawa ba sa jaddadawa shi ne *much* ba ya jin daɗin zama a jimlar tabbatarwa. *I have much money* ba ta karya doka ba, amma Bature ba ya faɗin ta a hirar yau da kullum. Gidan *much* korewa ne da tambaya: *I don't have much money*, *Do you have much time?* A tabbatarwa sai a ɗauko *a lot of* ko *plenty of*, waɗanda ke shiga gida biyun duka. Sai dai in *too*, *so* ko *as* sun gabace shi, to ya zauna daram: *You talk too much*, *so much trouble*.

Abu uku a kiyaye. Na ɗaya, *a lot* kalmomi biyu ne, ba a haɗe su. Na biyu, *plenty* ba ya tafiya ba *of*. *Plenty people* Turancin burokin ne, a rubutu *plenty of people* ake so. Na uku, sunan da ya biyo *a lot of* shi ke zaɓar aikatau: *A lot of water was wasted*, amma *A lot of farmers were affected*.

Few da a few, little da a little

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin harafi ɗaya tak ke juya ma'ana. Rabon farko mai sauƙi ne: *few* da *a few* na ƙirge ne, *little* da *a little* na awo. Rabo na biyu shi ne na zuciyar mai magana. Idan akwai *a*, yana cewa akwai ɗan abin, kuma zai yi amfani. Idan babu *a*, kuka yake yi da ƙaranci, kusan babu.

A ɗauka wata matashiya ta gama karatu, ta yi koyarwa na ɗan lokaci, tana neman aiki a wata makaranta. Ta rubuta a wasiƙarta: *I have little experience in teaching*. A ranta cewa take yi ta ɗan taɓa aikin. Abin da shugaban makaranta zai karanta kuwa shi ne: kusan ban san komai a koyarwa ba. Da ta ce *I have a little experience*, da ta tallata kanta. Da hannunta ta rage wa kanta daraja, ba ta kuma sani ba.

Haka in likita ya fito ya ce wa dangi *There is a little hope*, sai a ƙara addu'a da ƙarfin gwiwa. In ya ce *There is little hope*, to a fara shirin haƙuri. *He has a few friends* mutum ne mai 'yan abokansa. *He has few friends* mutum ne da jama'a suka yi wa ƙaranci.

Akwai ƙawaye biyu da ke sauya musu fuska. *Only* na mayar da *a few* da *a little* wajen ƙaranci: *Only a few came* na nufin ba a zo da yawa ba. *Quite* kuwa akasin haka yake yi: *quite a few people* jama'a ce mai dama. Sannan *very* da marasa *a* yake tafiya: *very few*, *very little*.

Masu shirya jarrabawa suna son gwada wannan ta 'yar tambayar nan da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Tunda *few* da *little* korewa ce a ɓoye, tambayar ƙarshe tabbatarwa take zama: *Few people attended, did they?* Amma *A few people attended, didn't they?*

A kuma lura, *little* yana da wani aikin na sifa mai nufin ƙarami. A *a little boy* ko *little girls* ba maganar adadi ake yi ba.

Some da any

Waɗannan biyu ba su damu da awo ko ƙirge ba, suna shiga jam'in ƙirge da sunan awo duka. Abin da suke dubawa shi ne irin jimlar. *Some* na tabbatarwa ne, *any* na korewa da tambaya: *I bought some oranges*, *I didn't buy any oranges*, *Did you buy any oranges?*

Dokar tana da ƙofofi biyu. Ta farko, idan tambayar tayi ce ko roƙo, kuma kana sa ran a ce to, *some* ake sawa. Mai gida da ke tarbar baƙo cewa zai yi *Would you like some tea?* Mai roƙo kuma *Can I have some water?* Ta biyu, *any* na shiga tabbatarwa idan ma'anarsa ko wanne ne, ba zaɓe: *Take any seat*, *Any mechanic can fix it*.

Wasu kalmomi korewa ce ba tare da *not* ba, don haka *any* suke kira: *hardly*, *never*, *without*. Sai a ce *There is hardly any sugar left*, *She passed without any difficulty*. Bayan *if* ma shi aka fi sawa: *If you have any questions, ask now*.

Kurakurai biyu ake yawan yi. Ɗaya shi ne kore jimla sau biyu, kamar *I don't have no money*. Ana jin ta a waƙoƙi da finafinan Amurka, amma a takardar jarrabawa faɗuwa ce. Ko dai *I don't have any money*, ko *I have no money*. Ɗayan kuma shi ne fara korarriyar jimla da *any*: *Any student did not come*. Wurin na *no* ne: *No student came*.

Each, every da all

*Each* da *every* duka tilon suna suke ɗauka da tilon aikatau: *Each student has a desk*, *Every student has a desk*. Bambancin a kallo yake. *Each* na bin mutane ɗaya bayan ɗaya, *every* na kallon taron ya ce ba wanda aka bari.

Ga abubuwan da ke raba su a aikace. *Each* na farawa daga biyu, *every* daga uku. Shi ya sa ake cewa *a bag in each hand* amma *a ring on every finger*. *Each* na iya tsayawa da *of* kai tsaye, *each of the boys*, amma *every* sai ya nemi taimakon *one*: *every one of the boys*. A duka biyun aikatau tilo ne, duk da jam'in *boys* da ke kusa da shi yana jan hannu. *Almost* da *nearly* da *every* kawai suke tafiya. Maimaituwar lokaci ma tasa ce, kuma a nan yana karɓar jam'i, in lamba ta shiga tsakani: *Take the medicine every six hours*.

*All* kuwa jam'i yake ɗauka ko sunan awo: *All students are here*, *All the money is gone*. Kada a haɗa *all day* da *every day*: na farko wuni guda ne cur, na biyu kullum. Idan abu ɗaya ake nufi gaba ɗayansa, *whole* ya fi dacewa, kuma jerin kalmomin ya bambanta: *all the village* da *the* a tsakiya, *the whole village* da *the* a farko.

Kalmomin abu biyu

*Both*, *either* da *neither* ba sa wuce abu biyu. *Both* jam'i yake ɗauka: *Both roads are bad*. *Either* da *neither* tilo: *Either road is fine*, *Neither road is safe*. Ko da *of* ta shigo, a rubutun jarrabawa tilo ake so: *Neither of the boys is ready*. Da abubuwan sun kai uku, sai a koma *all*, *any* da *none*. Wanda ke da 'ya'ya huɗu ba zai ce *neither of my children* ba, *none of my children* zai ce.

A Hausa mukan ce duka biyun ba su zo ba, sai hannu ya rubuta *Both of them did not come*. Jimlar tana barin shakka, ko ɗaya ya zo ko ba wanda ya zo. Wadda ba ta da ƙura ita ce *Neither of them came*.

Bambancin *no* da *none* kuwa na matsayi ne. *No* sai da suna a bayansa, *no water*, *no chairs*. *None* shi kaɗai yake tsayawa ko da *of*: *How many came? None*.

Less da fewer

Dokar makaranta ta ce *fewer* na ƙirge ne, *less* na awo: *fewer cars*, *less traffic*. Wannan doka ba ta kai tsufan harshen ba. Turawa suna haɗa *less* da sunayen ƙirge tun zamanin Sarki Alfred a ƙarni na 9. A 1770 ne wani marubuci, Robert Baker, ya bayyana a littafinsa *Reflections on the English Language* cewa a ganinsa *fewer* ya fi kyau da abin ƙirge, daga baya malamai suka mayar da ra'ayin nasa doka. Har yanzu Turawan ma suna ta jayayya a kai. A 2008 babban kantin nan na Birtaniya, Tesco, ya sanar zai sauya allunan layin biyan kuɗi masu cewa *10 items or less* zuwa *up to 10 items*, don ya huta da ƙorafin masu kishin nahawu.

Wannan tarihi ba hujja ba ce ga ɗalibi. Mai duba takarda dokar yake bi, kai ma bi ta. Sai dai ka san inda ta tsaya: kuɗi, lokaci, nisa da nauyi ana ɗaukar su dunƙule guda, don haka *less* suke karɓa ko da lamba: *less than 500 naira*, *less than three weeks*, *less than ten kilometres*.

Rabon ƙirge da awo ya shafi *number* da *amount* ma: *a large number of goats*, *a large amount of grain*. Sannan *a number of* ma'anarsa da dama, jam'in aikatau yake ɗauka, *A number of houses were flooded*. Shi kuwa *the number of* lambar kanta yake nufi, tilo ne: *The number of houses is rising*.

Dokar of

Doka guda ta ratsa kusan dukkan kalmomin nan. Idan magana a kan jinsin abu ce baki ɗaya, ba a sa *of*: *most people*, *some traders*, *many women*. Idan wani sanannen rukuni ake nufi, sai *of* ta shigo, kuma dole *the*, *my*, *these* ko wakilin suna su biyo ta: *most of the people*, *some of my friends*, *many of them*. Saboda haka *most of people* da *some of students* ba su da gurbi ko'ina.

Yadda za ka bi tambaya

Ga tsarin da za ka bi duk lokacin da aka bar maka gurbi ka cike:

1. Nemo sunan da ke bayan gurbin, ka tantance na awo ne ko na ƙirge, tilo ko jam'i.
2. Soke duk zaɓin da ba na gidansa ba.
3. Duba aikatau, tilo ne ko jam'i.
4. Karanta jimlar har ƙarshe, ka ji ko tabbatarwa ce, korewa, tambaya ko tayi, ko kuma kuka ake yi da ƙaranci.
5. In abu biyu ake magana a kai, tsaya kan *both*, *either*, *neither* ko *each*.

Mu gwada da wannan: *We could not cook because there was ___ kerosene in the stove*, zaɓin kuma *few*, *a few*, *little*, *a little*. Kananzir abin awo ne, don haka *few* da *a few* sun fita tun a mataki na biyu. Saura biyu. Farkon jimlar ya ce girki bai yiwu ba, ke nan kananzirin bai isa ba. Amsa ita ce *little*. Da jimlar ta ce *We managed to cook because there was ___ kerosene*, da *a little* ce amsa. Sunan bai sauya ba, farkon jimlar ne ya yanke hukunci, shi ya sa mai gaggawar da ya tsaya a gurbin yake faɗuwa.

Ga wata: *___ of the two candidates was qualified*, zaɓin kuma *none*, *neither*, *both*, *all*. Kalmar *two* ta kori *none* da *all*. Aikatau *was* tilo ne, ya kori *both*. *Neither* ya rage.

Shawarata ga ɗalibai ita ce, duk sabon sunan da kuka koya, ku rubuta shi tare da ma'auninsa a littafinku: *much advice*, *many suggestions*, *little progress*, *few results*. Malamai kuma, idan kun ja layi a ƙarƙashin *many informations*, ku daure ku rubuta dalili a gefe, domin ɗalibin da aka gaya wa cewa *information* sunan awo ne ya gyara kurakurai goma a lokaci guda. Wanda ya riƙe wannan tsari yana gwada shi a kan jarida ko littafin da yake karantawa, kafin ranar jarrabawa zai ga makin wannan sashe ya zo hannunsa cikin sauƙi.